Faifai Biyu a Gaban Sannu-Sannu

A garejin manyan motoci ba wanda ya san babanmu da sunan da aka raɗa masa. Sannu-Sannu ake ce masa, har a ƙofar tirelarsa haka aka rubuta da jan fenti. Tun yana saurayi ba ya gudu da mota. Abokansa sukan wuce shi a hanya suna danna masa oda, shi kuwa ya ɗaga musu hannu ya ci gaba da tafiyarsa, can gaba ya tarar da su sun buɗe bonet suna fifita wa injin da kwali. Zai tsaya, ya ba su ruwa, ya ara musu sifana, sannan ya riga su isa. Ya yi shekaru sama da talatin a kan hanya bai taɓa kayar da mota ba. Abin alfaharinsa na biyu shi ne wai bai san tsoro ba. Ya kwana a dokar daji da tayar da ta fashe, ya ratsa gadar da ruwa ke shafar cikinta, kuma duk lokacin da yake ba mu labarin sai ya ƙare da cewa ko gezau bai yi ba.

Ni ce auta. Na tashi ina ganinsa kamar baƙo mai tsaraba, ya zo ya kwana biyu, ya cika gidan da warin gas da dariya, ya sake tafiya. Umma ce ke nan kullum. Ita ke gyara famfo idan ya lalace, ita ke zuwa makaranta idan an kira iyaye, ita ke kulle ƙofar gida ta sake dawowa ta taɓa sakatar.

Ciwon ya same shi bayan ya ajiye tuƙi da 'yan watanni. Yana shan shayi da safe kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu, bakinsa ya ɗan karkace. Allah ya taimaka muka kai shi asibiti da wuri. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu ya zama kamar na aro. Yana iya motsa yatsun, sai dai ba ya riƙe abu da ƙarfi, kuma ba ya ɗaga shi ya wuce ƙirji. Likitan gashin ƙashi ya ba shi wata ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Baba ya tsani ƙwallon nan kamar ita ta jawo masa ciwon. Mun tsince ta a ƙarƙashin gado, mun tsince ta a cikin tukunyar fulawa, wata rana ma a kan rufin ɗakin wanka. Ya daina fita. Mutumin da ya san kowace kwana ta ƙasar nan ya koma zama a kujera ɗaya yana kallon fanka.

Aikina gyaran waya ne da na'urorin gem, a wani shago mai faɗin tabarma biyu da nake rabawa da abokiyar aikina. Akwai wata tsohuwar na'ura da mai ita ya bar mana ya sayi sabuwa. Na canza mata fanka, na goge ta, na kai gida da niyyar in riƙa hutawa da ita. Da na tambayi likitan ko abin riƙewar gem ɗin, mai maɓallai, zai yi wa yatsun Baba amfani, sai ya ce duk abin da zai sa ya motsa su da son ransa ya fi ƙwallon da ke kan rufi.

Na fara sa masa gem ɗin tseren motoci, a tunanina abin da zai so ke nan. Ya karɓi abin riƙewar, ya juya shi, ya sa masa suna sitiyari, kuma har yau haka muke kiransa a gidanmu. Da aka ba da alamar tashi, sauran motocin suka ɓace da ƙura, Baba ya bi hannunsa a natse, yana rage gudu a kwana, yana neman inda ake kunna sigina. Ya zo na ƙarshe. Ya ajiye sitiyarin ya ce wannan ba tuƙi ba ne, taron marasa tarbiyya ne, kuma duk a ƙwace musu lasin.

Sai na gwada masa irin wanda a shago muke kira mai labari, wato gem ɗin da za ka zama wani mutum, ka yi ta tafiya gari-gari, kana magana da jama'a, kana zaɓar abin da za ka yi. Na wani maƙeri ne da aka sace ƙararrawar garinsu, ya ɗaura kaya a kan alfadari ya bi sawun ɓarayin. Ban yi zaton zai kai la'asar ba. Amma da maƙerin ya fita ƙofar gari, hanya ta miƙe a gabansa har gindin duwatsu, sai na ga Baba ya gyara zama, ya matso bakin kujera.

Ba a taɓa buga gem ɗin nan yadda Baba ya buga shi ba. Duk wanda ya gani a hanya sai ya tsaya sun gaisa. Tsohuwar da akuyarta ta ɓata, mai gona da ɓeraye suka dama, duk sai ya biya musu buƙata kafin ya wuce. Akwai hanyar da za ka danna taswira ka tsinci kanka a wani gari nan take, ya ce shi ba ya tafiyar aljanu, da ƙafarsa zai je. Alfadarin nan kuwa ya ga gata. Ba ya yi masa lodin da ya wuce kima, kuma kafin a hau dutse sai an tsaya ya sha ruwa. Yatsan hagu shi ke tafiyar da maƙerin, don haka kullum yana aiki ba tare da an ce masa motsa ba.

Umma da farko wucewa take yi da kwandon wanki tana cewa tsufa ya zo da sabon salo. Daga baya ta riƙa ninke kayan a falo. Wata rana Baba ya ɓata a cikin wani kurmi yana ta zagaye, sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai sosai ba, ai wannan bishiyar mai rassa biyu ya wuce ta ɗazu, ya bi dama. Ya bi dama, sai ga gari. Tun daga ranar ya naɗa ta kwandasta. Ita ke riƙe sunayen garuruwa a ka, ita ke tuna wa wa aka yi wa alkawari, ita ke faɗa masa kada ya yarda da mai sayar da taswirar nan, idonsa ba na gaskiya ba ne. Ta taɓa gaya mini a kicin, tana dariya, cewa shekara da shekaru yana tafiya yana dawo mata da labari, sai yanzu da ƙafa ta zauna aka tafi da ita.

Sun shafe watanni a kan hanyar nan. Ranar da maƙerin ya dawo da ƙararrawar aka rataye ta, aka buga, sunayen waɗanda suka ƙirƙiri gem ɗin suka fara hawa a talabijin, Baba ya bi su da ido har suka ƙare. Ya tambaye ni alfadarin fa, ina aka kai shi. Na ce labari ya ƙare, Baba. Ya kwana biyu yana zagaya gida kamar wanda aka sallama daga aiki. A rana ta uku ya kira ni tun ina sa takalmi.

"Auta, idan kin tashi daga shago ki zo mana da wata hanyar. Mota ba ta son dogon tsayi."

Na wuni ina zumuɗi. Ni da abokiyar aikina muka zazzage akwatin faifai a kan teburin gyara, muna ware wannan muna mayar da wancan, har wani mai waya ya gaji da jira ya tafi. Ita ta dage a kan wani mai labari na teku, inda za ka zama shugabar jirgin ruwa kana yawo tsakanin tsibirai, kana ɗaukar ma'aikata, kana fatauci, kana guje wa 'yan fashi. Ni ma na san shi ne daidai da Baba. Amma hannuna ya faɗa kan wani na ban tsoro, bangonsa baƙi ƙirin, ba komai a jiki sai mota a gefen hanya da fitila ɗaya a kunne, can baya kuma wani dogon gida. Labarin direba ne da motarsa ta mutu a daji kusa da wani masaukin matafiya da aka daɗe da rufewa. Na sa shi a jaka don wasa kawai, in ga abin da zai ce.

Na tarar da Kawu Makanike a gida. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amininsa ne tun suna yaran mota, shi ya riƙa duba masa tirela har ya ajiye ta. Gajere ne mai ƙaton ciki da muryar da ake ji daga bakin titi, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ga ya tsokani Baba. Na ajiye faifan biyu a kan tebur na yi musu bayani.

Baba ya ɗauki na tekun ya duba gaba da baya kamar mai sayen mota. Ya tambayi tsawon tafiyar, na ce ta fi ta maƙeri. Ya tambaya ko akwai taswira, ko ana iya tsayawa a huta, ko jirgin naka ne ko na haya. Duk amsar ta yi masa daɗi, har yana murza gemu. Sai ya ɗauki baƙin. Ya daɗe yana kallon motar nan mai fitila ɗaya. Ya ce wannan direban ya yi sakaci, ba a barin fitila a kunne idan inji ya mutu, batir zai tafi. Na ce masa a wannan ba a ba ka makami, ba ka da komai sai tocila, kuma akwai abin da ke yawo a cikin gidan.

Kawu Makanike ya kwashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ajiye shi, Sannu-Sannu. Wannan ba irin na masu shayar da alfadari ba ne. Ɗauki na ruwan ka je ka yi ta gaishe da kifi."

Baba ya ce shi da ya kwana a dajin da ko tsuntsu ba ya kuka, hoton gida ne zai ba shi tsoro? Kawu ya ce ai a dajin ba wanda ya gani, labari ne aka ba su, kuma mai labari ba ya faɗin inda gwiwarsa ta yi sanyi. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Umma tana gefe tana gyaran maɓallin riga, na ga ta miƙa hannu ta juya baƙin faifan ta karanta bayansa.

Maganar ta kai kwanaki. Baba ya jera faifan biyu a kan talabijin, da safe ya ce teku, da yamma ya ce a kawo masa gidan nan ya ga ƙaryarsa. Ya kira tsofaffin abokan aikinsa a waya yana neman shawara, mutanen da ba su taɓa riƙe abin gem ba, kowa kuma ya ba da fatawarsa da ƙarfin gwiwa. Wani ya ce ruwa ba sa'an direba ba ne, wani ya ce gidan da aka rufe a bar shi a rufe. Ni kuwa hankalina ya fara tashi saboda hawan jininsa, na yi da-na-sanin wasan da na yi. Da ranar zuwa asibiti ta zo na faɗa wa likita a gabansa. Likitan ya auna shi, ya ce jinin ya daɗe a zaune lafiya, ya gwada da rana tsaka, labule a buɗe, idan ya ji ƙirjinsa na bugawa fiye da kima ya ajiye. Baba ya fito yana taku kamar an ba shi sabon lasin.

Muka tsayar da ranar da ba na zuwa shago. Za a ɗanɗana kowanne kaɗan, sannan ya zaɓa. Kawu Makanike ya iso tun hantsi da sabuwar riga mai maɓallai har wuya, wai ya zo kallon yadda maza ke gudu. Na ɗage labule, rana ta cika falon, ana jin masu talla a waje.

Na tekun muka fara sawa. Kai, gem ɗin nan ya haɗu. Ruwa shuɗi har iyakar gani, tsuntsaye na bin jirgi, ma'aikata na waƙa suna jan igiya. Baba ya buɗe baki yana murmushi, ya ce bai taɓa tuƙa abin da ya kai wannan girma ba. Ya bi gaɓa a hankali yadda ya saba. Matsalar ta zo da za a tsaya. Ya nemi birki, na ce jirgi ba shi da birki, sai dai a sauke filafilan da iska ke turawa tun daga nesa. Kafin ya gama faɗan wane irin abin hawa ne ba birki, mun daki gadar tashar, katako ya tarwatse, wani mai sayar da kifi ya faɗa ruwa. Baba ya ba shi haƙuri da babbar murya. Kawu ya ce to, ga tarihin shekara talatin ya tafi a ruwa. Duk da haka Baba ya ji daɗinsa ƙwarai, ya ce akwai abin koyo a nan. Umma ce dai ta ce tangaɗin ruwan yana juya mata kai, ta riƙa kallon gefe.

Sai na sa baƙin.

Ya buɗe a cikin mota, ruwan sama na dukan gilashi, injin yana tari har ya mutu. Nan take Baba da Kawu suka manta da batun tsoro. Baba ya ce mai ne ba ya hawa, Kawu ya ce ƙarya ne, wannan tarin na wuta ne, a sake tayarwa ya ji. Baba ya fito da direban ya zagaya gaban motar yana neman ya buɗe bonet, gem ɗin ya ƙi ba shi dama. Ransa ya ɓaci. Ya ce da za a bar shi da sifana ɗaya da ba wanda zai shiga gidan kowa. Da ƙyar na lallashe shi ya juya ya nufi masaukin.

Ƙofar a buɗe take. Tocilar direban ba ta da ƙarfi, haskenta ja-ja, tana yi tana ɗaukewa. Akwai teburin karɓar baƙi da ƙura ta rufe, da makullai a rataye. Baba ya yi sallama. Da gaske ya yi ta, da bakinsa, kuma ba wanda ya yi dariya. Ya bi wani dogon lungu mai ɗakuna hagu da dama, a ƙofar kowane ɗaki an ajiye takalma, duk sun fuskanci bango. Wani wuri ruwa na ɗiga. Kawu, wanda tun ɗazu bakinsa bai rufu ba, ya janyo kujerarsa kusa da ta Baba, wai hasken taga ne ke kashe masa ido.

A saman bene aka ja wani abu mai nauyi. Aka tsaya. Aka sake ja.

Baba ya ce, da wata siririyar murya da ban san shi da ita ba, iska ce. Umma ta ce ba iska ba ce, ya kashe tocilar ya daina taka katakon tsakiya, yana ƙara. Bai ji ta ba. Wata rediyo ta kunna kanta a ɗakin da ke bayansa, ya zabura ya sa direban gudu, takun ya cika gidan, sai muka ji abin nan na sama ya taho, yana saukowa da sauri. Na ce Baba ɓuya, ga kabad can. Ya shige ya ja ƙofa. Ta tsagar katakon muna ganin ɗakin. Wasu ƙafafu dogaye, ba takalmi, suka shigo, suka zagaya gado, suka tsaya. Suka juya kamar za su fita. Baba ya saki numfashi. Sai ƙofar kabad ɗin ta buɗe gaba ɗaya.

Ban ga abin da ke ciki sosai ba, don ni ma na rufe ido. Na dai ji salatin Baba, na ji sitiyari ya daki tabarma, na ji kujera ta faɗi. Da na buɗe ido Kawu Makanike ya hau hannun doguwar kujera da ƙafa ɗaya, takalminsa ɗaya yana bakin ƙofa, Baba kuma ya cakumi wuyan rigar Kawun yana ja.

Umma ta ajiye ɗinkin da take yi. Ta sunkuya ta ɗauki sitiyarin, abin da ba ta taɓa riƙewa ba duk watannin nan, ta tambaye ni wanne ne na tafiya, wanne ne na sunkuyo. Gem ɗin ya mayar da direban bakin lungun. Ta kashe tocilar. Ta bi gefen bango a sunkuye, a hankali, tana kauce wa katakon tsakiya. Da rediyon ta kunna kanta ko waiwaye ba ta yi ba. Abin ya sauko, ya wuce ta gabanta har muna jin numfashinsa, ta tsaya cak, ya wuce. Ta shiga kicin ɗin masaukin, ta nufi wata taga da ta ce ta hango tun shigowarsu, marfinta a karye, ta fitar da direban waje cikin ruwan sama. Hannunta bai iya maɓallan ba, tana ta karo da bango, amma ko sau ɗaya bai yi rawa ba.

Baba ya tambaye ta, har yanzu yana haki, yadda aka yi ta san abin ba ya gani.

"Ji yake yi," in ji ta. "Ba ka lura ba sai ka yi ƙara yake motsi? Malam, shekara nawa ina kwana ni da yara kana hanya. Duk abin da ya motsa a gidan nan sai na tashi na duba. Na san ƙarar da ke da ƙafa da wadda ba ta da ita."

Sai Kawu ya ce to a sake shi haka nan, za a shaƙe shi a banza. Sai a lokacin muka duba. Da hannun hagu Baba ya riƙe shi, hannun a ɗage sama da kafaɗa, yatsun sun nutse a cikin rigar har maɓalli biyu sun tsinke. Baba ya kalli hannun kamar na wani. Ya saki, ya sake damƙa, ya ɗaga shi sama ya sauke. Na yi tsalle na rungume Umma, sitiyarin ya sake faɗuwa. Kawu ya sauko yana cewa a biya shi rigarsa, amma idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannun nan da nasa biyu yana jijjigawa, yana cewa sake matsa ni in ji, sake. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya.

Da muka koma wurin likitan gashin ƙashi ya ce kada mu ɗauka tsoro magani ne. Ƙarfin ya daɗe yana dawowa a hankali, wata da watanni yana aiki da yatsun, Baba ne dai bai yarda da hannun ba, yana lallaɓa shi, sai ranar da bai sami lokacin tunani ba. Ya ƙara masa wasu motsin kafaɗa, kuma a karon farko Baba ya yi su ba gardama.

Saura zaɓi. Kowa ya ɗauka an gama, teku ne. Kawu ma ya daina tsokana, ya ce shi dai idan gidan nan za a koma a gaya masa tun da wuri, yana da aiki a gareji. Baba kuwa sai da ya kwana biyu bai zaɓa ba. Na lura yana kallon Umma. Idan ta zo goge talabijin takan ɗauki baƙin faifan, ta goge ƙarƙashinsa, ta ɗan tsaya tana kallon bangon kafin ta ajiye. Ta tambaye ni sau ɗaya, kamar ba da wata manufa ba, ko an taɓa faɗin abin da ya sami mutanen da suka bar takalmansu.

Da safe ina shirin fita ya kira mu mu biyu. Ya miƙo mini na tekun ya ce in ajiye masa, ba mayarwa zan yi ba, yana nan zuwa kansa, sai ya koyi tsayar da jirgi ko zai fasa tasha goma. Sannan ya ɗauki sitiyarin da hannun hagu ya miƙa wa Umma.

"Kwandasta, wannan hanyar taki ce. Ke za ki ja, ni zan duba miki taswira."

Umma ta ce ita da aiki ya yi mata yawa, ga wanki, ga kasuwa. Tana faɗa tana goge hannu a zaninta, ta karɓa.

Haka aka yi. Kullum bayan azahar, labule a buɗe, Umma na bakin kujera da tabarau a kan hanci, Baba na gefenta da matashi a ƙirji. Aikinsa taswira, amma rabin lokacin ihu yake yi, ga shi nan, bayanki, kashe fitila, ita kuma tana cewa ya yi mata shiru tana sauraro. Ta gano ɗakin da aka ɓoye makullin janareta, ta gano abin da ya sami masu takalman, ta ƙi gaya wa Kawu, ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ranar da ta fitar da direban ya tayar da motarsa gari na wayewa, Baba ya fita har bakin titi yana gaya wa mai kanti. Ya kuma tabbatar wa Kawu cewa matsalar mai ce, tun farko shi ya faɗa. Ba a daɗe ba ya karɓi na tekunsa a wurina, da safe kafin ta gama aikinta yakan buga shi kaɗai, kuma yanzu yana shiga tasha ko kwale-kwale ba ya taɓawa.

Bayan ta gama da 'yan kwanaki ina shago na sunkuya a kan wata waya, sai na ji abokiyar aikina na gaisuwa da ladabi. Na ɗago na ga Umma, da jakar cefane, karo na farko da ta taɓa taka shagon. Ta zauna a kan bencin masu jira, ta dubi faifan da ke jere a bango ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tana son wanda ya fi wancan ban tsoro, don wancan daga tsakiya ta gane dabararsa. Amma da sharaɗi, a samo wanda mutum biyu ke bugawa tare.

"Babanki idan hannunsa ba ya riƙe da komai, bakinsa ba ya hutawa," ta ce. "A ba shi nasa ya riƙe, ko na samu in ji takun abin."

Abokiyar aikina ta san wani, na ma'aikata biyu da ramin haƙar ma'adinai ya rufta da su, ɗaya na riƙe fitila ɗaya na haƙa, kuma ba su kaɗai ba ne a ƙasan. Na haɗa mata da sitiyari na biyu, ta sa a jaka a kan kayan cefanen ta tafi. Yanzu sun kai hawa na can ƙasa, inda ruwa ya kai gwiwa. Baba ne mai fitila. Kawu Makanike yana zuwa kallo kusan kullum, amma daga waje yake tsayawa, ta taga, wai falon ya cika zafi.